Cire tsohon fenti daga jitar bes da yi mata sabo: amsa ga wani matashi a Gombe

Wani matashi ya rubuto daga Gombe. Ya gaji tsohuwar jitar bes mai tsirkiya huɗu daga kawunsa, wanda ya daɗe yana kaɗa ta a Kaltungo. Fentin jikinta ja ne, ya tsattsage, gefe ya ɓaɓɓalle, bayanta kuma kan bel ya karce shi. Yana so ya cire fentin duka ya bar katakon a fili da banish kawai. Wani ya ce ya jiƙa ta da sodar yin sabulu, wani ya ce ya kai wa masu gyaran jikin mota su bi ta da giranda. Yana tambaya wanne ya fi, kuma ko sautinta zai ƙaru idan fentin ya fita.

Ƙanena, Allah ya jiƙan kawu, ya sa ka gaji hannunsa. Shawarwarin nan guda biyu ka ajiye su gefe tun yanzu. Soda tana cin katako, ta baƙanta shi, ta tayar masa da gashi, kuma sai an wanke ta da ruwa mai yawa. Ruwan nan shi ne zai shiga ta ramukan sukuru da wurin fikof, wato na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya, ya kumbura katakon ya saki gam ɗin da ya haɗe shi. Abin takaici ma, in fentin na zamani ne mai tauri, sodar ba za ta taɓa shi ba, katakon da ke fili kawai za ta lalata. Giranda kuwa an yi ta ne don ƙarfe. Kafin ka ƙifta ido ta yi rami a jikin jita, ta cinye lanƙwasar gefen nan da hannunka ke kwanciya a kai, kuma katakon da ya tafi ba ya dawowa.

Kafin samfefa ta taɓa jitar nan, abu biyu nake so ka sani: wa ya ƙera ta, kuma wane irin fenti ne a jikinta.

Duba kanta, inda kunnuwan ɗaure tsirkiya suke, gaba da baya. Nan suna yake, da ƙasar da aka yi ta, da lambar ƙira. Wasu suna buga lambar a farantin ƙarfen da ke bayan jiki, inda sukuru huɗu suka riƙe wuya. Idan ka kwance wuyan, duba gindinsa da ramin da ya fito, domin kamfanin Fender ya daɗe yana rubuta kwanan wata a wurin da fensir ko hatimi. Fender ne ya fito da Precision Bass a 1951, ya biyo da Jazz Bass a 1960, kuma yawancin bes ɗin da ke hannun mutane yau kwaikwayon ɗayan biyun nan ne. In ta tabbata taka Fender ce ta Amurka ta shekarun 1960 ko 1970, ko Gibson, ko Rickenbacker, ko Music Man, to ka dakata, kada ka cire komai. Masu neman irin waɗannan fentin asali suke saya, da tsagarsa da karcewarsa, kuma sake fenti yakan zubar da kusan rabin darajarta. Wasu na Japan na ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, irin su Greco, Tokai, Aria Pro II, Yamaha BB da Squier na farko da suka fito a 1982, su ma sun yi daraja yanzu. Sai dai suna a kai ba hujja ba ne shi kaɗai, jabu sun yi yawa. Ɗauki hotunan kai da gindin wuya da cikin ramin wayoyi ka nuna wa wanda ya sani. Mafi yawan waɗanda ke zuwa hannuna a nan Bauchi na Koriya ne, ko Indunisiya, ko Sin, kuma su babu asarar kuɗi a sake musu fenti.

Gane fentin ba shi da wuya. Kwance robar fuska, wato farantin robar da ke gaban jitar, ka zaɓi wurin da ido ba ya gani. Ɗiga asiton a auduga, ko ruwan goge janfarce na mata wanda yake da asiton, ko tina, ka dangwala ka ɗan jira. Idan fentin ya yi laushi, ya yi danƙo, launin ya biyo audugar, selulos ne, wato naitiro, wanda Fender ya yi amfani da shi har wajen 1968 kuma Gibson yake amfani da shi har yau. Idan ko gezau bai yi ba, foliyesta ne ko foliyuritan, waɗanda zan riƙa kira foli. Ɓallewar gefen ma tana ba da labari. Foli yana ɓallewa da kauri da kaifi, ka ga tudu tsakanin fenti da katako. Selulos siriri ne, yana sheƙewa a hankali inda hannu ke goga, yana yin ƙananan tsaga masu yawa. Akwai na uku da nake yawan gani a jitocin coci da na ƙungiyoyin kiɗa: wani ya taɓa bin ta da fentin mai na ƙofa, da buroshi. Wannan tina tana yamutsa shi ya tattare. Idan shi ne, ka yi murna, wataƙila fentin asali yana nan lafiya a ƙarƙashinsa.

Batun sauti kuwa, kada ka sa rai. Bes ta lantarki tana magana ne ta maganaɗisun fikof, wanda ke jin kaɗawar tsirkiyar ƙarfe ya mai da ita lantarki zuwa amfilifaya. Ana ta musu a kan wai katako yana numfashi idan an cire masa foli. Ni dai abin da kunnena ya ji shi ne, wanda ya sake fenti yakan sa sabbin tsirkiyoyi, ya daidaita wuya, ya goge wayoyi, sai ya ji sauti ya buɗe ya ce fenti ne. In sauti kake nema, sayi tsirkiya sabuwa, ka daidaita tsayin fikof, ka canja jak, wato inda ake soka wayar amfilifaya, da maɓallan murya in suna ƙara. Fenti aikin ido ne da kare katako.

Yanzu ga inda nake so ka saurare ni da kyau, domin nan ne yawancin masu wannan buri suke yin nadama. Kamfani ba ya ɓoye kyakkyawan katako. Wanda yake da zane mai kyau shi ake warewa a yi masa banish mai haske ko launin da ake hango katako ta cikinsa. Wanda aka lulluɓe da ja ko baƙi ko fari, sau da yawa guntaye ne uku, huɗu, har biyar aka manna, kowanne da launinsa, ga gaɓa, ga tabo, ga wurin da aka cike da fila. A jitoci masu araha za ka tarar da katako irin baswud ko fofula ko agatis. Baswud fari ne fat ba zane, ga laushi, farce ma yana shiga. Fofula yakan zo da ratsin kore da toka-toka. Wasu ma filawud ne, falle kan falle, in ka cire fenti sai gefen ya fito da layi-layi. Akwai kuma waɗanda aka manna wa siririn falle mai kyau a sama, wanda bai kai kaurin kati ba, samfefa kaɗan ta huda shi.

Za ka iya leƙawa ba tare da ka ɓata komai ba. Ramin wuya da ramin wayoyi galibi ba su da fenti sosai. Idan ka ga layuka a jere a bangon ramin, filawud ne, ka manta da maganar barin katako a fili. Idan dunƙulalle ne, kankare wuri kaɗan a ƙarƙashin robar fuska, ka shafa masa sifirit ka gani. Yadda ya yi yana jiƙe, haka zai yi da banish. Idan ash ne mai manyan zane, ko mahogani, ɗan'uwan maɗacinmu, to burinka zai yiwu. Alda, wanda Fender ya fi amfani da shi tun 1956, ba laifi, amma zanensa ba ya ɗaukar ido.

Ga ra'ayina. In foli ne a jikinta kuma bai ɗago daga katako ba sai a gefe, kada ka cire shi. Babu shimfiɗar da za ka yi da hannunka ta kai wannan santsi da tauri. Cike ɓallewar da filar mota, tsagar kuma ka ɗiga mata sufa gulu mai ruwa ta shige ciki ta kama, ka bi jikin duka da samfefa mai lamba 320 har ƙyallin ya mutu ko'ina, sannan ka hau faraima, wato fentin shimfiɗa, da sabon launi. Ka rage wa kanka fiye da rabin wahala, kuma aikin zai fi kyau. In kuma tsagar ta kewaye jiki, fenti yana ɗagowa falle-falle, ko katakon ya burge ka har ka ƙudurta barinsa a fili, sai a cire. Kuma ka yi tunani a kan karcewar bel ɗin nan da wurin da babban yatsan kawu ya cinye. Akwai magadan da daga baya suka gwammace da sun bar su. Wannan kai za ka yanke.

Ko wace hanya ka bi, sai ka kwance ta tas. Ɗauki hoton wayoyi ta kowace fuska kafin ka taɓa dalma. Sassauta tsirkiyoyi ɗaya bayan ɗaya, cire wuya, cire birij (ƙarfen da ke riƙe gindin tsirkiyoyi a jiki), fikof, jak, maƙalan bel. Kowane rukunin sukuru ka sa shi a ledarsa da rubutu, domin tsawonsu ya bambanta, kuma dogon sukuru a gurbin gajere yana iya fasowa ta ɗaya gefen. Idan ka ga wata 'yar takarda ko roba a ramin wuya, ba datti ba ne, da ita aka daidaita kwanciyar wuyan, ka adana ta ka tuna inda take. A ƙarƙashin birij za ka ga wata siririyar waya tsirara ta leƙo daga rami. Ita ce wayar at, mai kashe ƙugin lantarki. Ka lura da ita, za mu dawo kanta. Fikof kuwa ka naɗe su ka kai wani ɗaki, domin maganaɗisu yana jawo garin ƙarfe, kuma wayar da aka naɗa a ciki ba ta fi gashin kai kauri ba, in ta tsinke sai an sake naɗi.

Idan selulos ne, aikin mai sauƙi ne. Asiton ko tina da tsumma da makankari na roba sun isa, fentin zai narke ya biyo. Amma kada wuta ko iska mai zafi ta kusance shi, selulos yana kamawa nan take. Ka yi a waje, nesa da murhu, da janareta, da mai shan sigari. In akwai farin layin roba da ya kewaye gefen jitar, rufe shi da tef, asiton yana narkar da shi.

Foli shi ne mai taurin kai. Yawancin magungunan cire fenti na gwangwani ba sa yi masa komai, musamman foliyesta. Masu ƙarfin cikinsu suna ɗauke da sinadarin metilin kulorayid, wanda tururinsa ya kashe mutane a rufaffen ɗaki, har Amurka ta hana sayar da shi ga jama'a a 2019, Tarayyar Turai kuma ta riga ta. A kasuwanninmu kana iya cin karo da shi ba tare da wani gargaɗi ba, don haka ka karanta jikin gwangwani. Abin da ya fi aiki shi ne hita mai hura iska, ta masu aikin hannu, domin ta busar da gashi zafinta bai kai ba. Sa ta a ƙaramin zafi, ka riƙe ta kamar tazarar tafin hannu, kana kaɗa ta a wuri kaɗan ba tsayawa. Da ka ji fentin ya fara ƙara yana kumbura, zura makankari a kwance, bin tsawon katako, wanda ka riga ka dakushe kusurwoyinsa don kada su soki jiki. Sa tabarau, ɓarɓashin yana tsalle da zafi. Hatsarin hita biyu ne: in ka tsaya wuri ɗaya katako ya ƙone ya bar baƙin tabo mai zurfi, in ka matsa wa layin haɗi gam ya saki. Cikin ƙahonnin nan biyu da ke gefen wuya ya fi ko'ina wuya. Nan sai ka naɗe samfefa a guntun bututun roba ka bi da hannu.

Bayan launi ya fita, sau da yawa za ka tarar da wani falle mai haske, mai tauri, wanda za ka ɗauka katako ne. Sila ce ta kamfani, shafin da ake toshe katako da shi kafin fenti. In launi za ka sa, bar ta, ta yi maka rabin aiki. In mai ko rini za ka sa, dole ta fita duka, in ba haka ba wurin da ta rage ba zai sha ba, jikin ya fito dabbare-dabbare. Shafa sifirit ka duba: inda bai yi duhu ba, da sauran sila.

Gugar katako ita ce aikin, fenti biyo baya yake yi. Fara da samfefa 120, ka koma 180, ka ƙare a 220. Kada ka tsallake lamba, kowace tana share zanen ta gabanta ne. A shimfiɗaɗɗen wuri naɗe ta a guntun katako mai faɗi, domin yatsa yana yin kwari wanda ba ka gani sai ƙyalli ya hau. Bi tsawon zanen katako, kada ka gitta. Wurare biyu kada ka goge su ko kaɗan: cikin ramin wuya da inda birij ke zama, domin ɗan abin da ka rage a nan zai canja tsayin tsirkiya. Inda katako ya lotsa bai yanke ba, ɗora jiƙaƙƙen tsumma ka danna masa bakin dutsen guga mai zafi, tururi zai ɗago da shi. In ka ga ƙananan ramuka da gari yana zuba, ƙwaro ne, sai an yi masa magani an cike kafin a ci gaba. Ash da mahogani suna da buɗaɗɗun ƙofofi a jiki, sai an shafa musu abin cike ƙofa an goge, in ba haka ba fenti zai riƙa nutsewa yana barin ɗige-ɗige komai yawan da ka fesa. Fenti kamar farar shadda yake, duk abin da ke ƙarƙashi sai ya nuna.

Wani abu da ke ɓata aiki a ɓoye shi ne man goge kujera da na dashbod na mota. Yawancinsu suna da silikon, kuma in an taɓa shafa wa jitar, sabon fenti zai riƙa gudu yana barin ƙananan ramuka. Wanke jikin da tina mai tsabta, kana canja tsumma, tun kafin ka fara guga, don kada samfefa ta tura shi cikin katako. Bayan haka kada ka riƙa taɓawa da hannu mai gumi.

In katakon ya yi kyau kuma ba ka da kayan feshi, hanyar da na fi so wa mai koyo ita ce shafawa da tsumma. Sami banish na foliyuritan mai mai, ka sirka shi rabi da rabi da abin sirkinsa da aka rubuta a gwangwani, ka shafa siriri, ya bushe, ka bi da samfefa 400 sama-sama, ka sake, har sau shida zuwa takwas. Dafaffen man linsid ko man tung su ma suna yi, sai dai ba su kare katako daga duka da gumi kamar banish. Man gyaɗa, man ja, man kaɗanya da baƙin mai ba sa bushewa, ƙura kawai za su tara, kuma bayansu babu fentin da zai sake kamawa. Tsumman da ka shafa linsid da shi kada ka dunƙule ka jefa a kwali, yana yin zafi da kansa har ya kama wuta. Shanya shi a buɗe ko ka tsoma a ruwa.

In launi za ka sa, fentin mota ya dace, kuma ba sabon abu ba ne. Launukan da Fender ya yi suna da su a ƙarshen shekarun 1950 da cikin 1960 fentin motoci ne na kamfanin DuPont. Don haka mai fentin mota da ya iya hannunsa, a Gombe ko nan Bauchi, zai iya yi maka, in dai kai ka yi shirin katakon ka tsaya a kansa. Ka'idar ita ce kada a gauraya dangi. Faraima, launi da kiliya, wato shafin ƙyalli mara launi na ƙarshe, su zama na tsari ɗaya. Otobes, wato launin fentin mota, da kiliya mai hadna, sinadarin da ke sa ta ƙwari, suna ba da tauri da ƙyalli, suna jure gumi da zafinmu. Selulos, wanda masu fesa kujeru suka saba da shi tare da sandin sila, ya fi sauƙin gyara in an yi kuskure, domin sabon shafi yana narkewa cikin tsoho, amma yana daɗewa bai yi ƙwari ba. Selulos a kan fentin mai yana tattarewa, mai hadna a kan selulos ma ba shi da tabbas. Gwada komai a guntun katako tukuna.

Rufe ramin wuya da tef na takarda, ka ɗaura sanda a wurin da sukuru biyu ta zama mariƙi, da ita za ka juya jikin ka kuma rataye shi. Toshe ramukan sukuru da tsinke. Riƙe bindigar feshi ko gwangwani kamar santimita 20 daga jiki, fara fesawa kafin ka iso gefe, ka saki bayan ka wuce, kowane layi ya hau rabin na baya. Gefe da cikin ƙaho ake fara yi, sannan fuska. Shafi siriri sau da yawa ya fi mai kauri sau ɗaya. In ya zubo, kada ka taɓa, bari ya bushe ka goge. Faraima biyu ko uku a goge da 400, launi har ya rufe, sai kiliya: mai hadna uku ta isa, selulos kuwa yana son takwas zuwa sama domin siriri ne kuma za a goge wani.

Yanayinmu yana da hannu a aikin nan fiye da yadda ake zato. Da damina, musamman Agusta, laima tana maƙalewa cikin selulos ya yi fari-fari kamar hazo. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura tana sauka a kan ɗanyen fenti, iskar kuma ta bushe har tina tana tashi kafin fentin ya kwanta. Da bazara, Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke kaiwa digiri 40, fenti yana bushewa a iska ya sauka da gurje irin ɓawon lemu. Lokacin da na fi so shi ne bayan ɗaukewar ruwa, ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kafin buji ya taso. In dole sai a wani lokacin, yi da sassafe, a rumfa mai iska da aka kewaye da leda, ka yayyafa ruwa a ƙasa ƙura ta kwanta. Kada ka shanya jikin a rana don ya yi saurin bushewa. Sama za ta rufe, tina ta maƙale a ciki ta yi ƙuraje, katakon ma yana iya tsagewa a layin haɗi.

Ƙirjinka ya fi jitar. Hadnar fentin mota tana da sinadarin aisosayanet, wanda ke jawo asma da ba ta warkewa. Takunkumin yadi ko na asibiti ba ya tare shi, madarar da ake ce a sha bayan feshi ma ba ta wanke huhu. In mai hadna ne, bar wa mai sana'ar da yake da kayan kariya, kai ka koma nesa ta inda iska ke fitowa. Selulos da gwangwanin feshi ma suna buƙatar takunkumi mai gawayi na masu fenti. In tsohon fentin ƙofa ka tarar a jikinta, ka sani wasu irinsa suna da gubar dalma, kada ka ƙona shi da hita, kada ka goge shi a tsakar gida inda yara ke wasa.

Sai jira. Mai hadna a ba shi mako guda. Selulos mako uku zuwa huɗu, a rataye a inuwa. Shinshina shi: in kana jin tina, bai yi ba. Danna farce a wurin da robar fuska za ta rufe: in ya shiga, ƙara haƙuri. Wanda ya yi gaggawa zai ga ƙyallin ya dushe bayan wata guda, ko zanen yadin jaka ya fito a bayan jitar. Da ya yi ƙwari, bi shi da samfefar ruwa 800 ko 1000, sai 1500, sai 2000, da ruwa kaɗan da ɗigon sabulu, kana sharewa akai-akai don kada ruwa ya shiga ramin sukuru ya kumbura katako ya fasa maka sabon fenti. A gefe da kusurwa sassauta hannu ƙwarai, nan fenti ya fi siranta. Ƙarshe ka bi da man goge fentin mota da tsumman auduga mai laushi.

Wuya kuwa ka bar shi yadda yake. Sunan da ke kai da lambar ƙira su ne shaidar jitar, kada samfefa ta je wurin. In bayan wuyan yana kama hannu, goga shi sama-sama da 800 ƙyallin ya mutu, zai yi santsi. Allon da yatsu ke dannawa, in baƙi-baƙi ne irin dangin madobiya, ba a yi masa fenti ko banish. Kankare dattin da tsohon katin waya, ka shafa ɗigon man jarirai mara ƙamshi ka share. In fari ne, mafal ke nan, yana da banish a kai, tsumma mai ɗan laima ya ishe shi. Da hunturu katakon allon yakan tsuke, bakin ƙarafunan firet, waɗanda aka jera a gicciye a kan allon, su leƙo suna yankar hannu. Wannan ƙaramin fayil na goge ƙarfe ne maganinsa, kuma a lokacin sanyin ya kamata a yi, sa'ad da suka fi fitowa.

Wajen mayarwa, kankare fentin da ya taru a bakin ramin wuya, kada ka tura wuyan da ƙarfi, nan ne sabon fenti ya fi ɓallewa. Ramin sukurun da ya yi faɗi, cusa masa tsinken sakace da farin gam na kafinta, ya kwana, sannan ka ɗaura. Tun da ramin wayoyi a buɗe yake, shimfiɗa masa tef na tagulla ko takardar alminiyam ka haɗa da at, zai rage ƙugin da ake ji kusa da janareta da fitilu. Wayar nan ta ƙarƙashin birij ka tabbata tsirararta tana taɓa ƙarfen birij, ba fenti tsakani. In ka manta, jitar za ta riƙa ƙugi, kuma taɓa tsirkiya ba zai kashe shi ba.

Tsirkiyoyi huɗu suna jan wuya da nauyin da ya haura kilo 60, don haka wuyan da ya yi makonni a kwance zai ɗauki kwana ɗaya ko biyu kafin ya zauna. Ɗaura su, kai su murya, ka bari ta kwana. Sannan danna tsirkiya mai kauri a firet na farko da na ƙarshe lokaci ɗaya, ka duba tsakiya: ratar da ake so kamar kaurin katin gayyata ce, wajen milimita 0.3. In ta wuce, ɗaure sandar ƙarfen cikin wuya rubu'in juyi, ka jira, ka sake dubawa. In ta cije kada ka tilasta, karyewarta babban aiki ne. Tsayin tsirkiya a firet na 12 ya zama tsakanin milimita 2 da 2.5, gwargwadon nauyin hannunka. Yawancin bes tsawon tsirkiyarsu inci 34 ne daga kai zuwa birij, firet na 12 yana tsakiya daidai. Kaɗa tsirkiya a sake, ka kaɗa ta a firet na 12, ka duba da manhajar daidaita murya a wayarka. In ta 12 ta yi sama, ja mazaunin tsirkiyar da ke kan birij zuwa baya, nesa da wuya. In ta yi ƙasa, matso da shi gaba, ka sake kai tsirkiyar murya kafin ka gwada ta biyu.